Taurari Biyar a Kan Ɗaukaka: Nazarin Taswirar Haihuwar Rama

Masu duban taurari na Hindu suna da wata taswirar haihuwa da suka mayar ma'auni, wadda ake yawan kafa hujja da ita idan ana son nuna iyakar ƙarfin da taurari za su iya kaiwa a lokaci guda. Ita ce taswirar Rama, ɗan Sarki Dasharatha na birnin Ayodhya, wanda mabiya addinin Hindu suke bauta wa a matsayin saukowar abin bautarsu Vishnu cikin siffar mutum. Abin da ya yaɗu a bakin jama'a shi ne an haife shi taurari biyar suna zaune a burujan ɗaukakarsu: Rana, Mirrihu (Mars), Mushtari (Jupiter), Zahra (Venus) da Zuhal (Saturn). Sai dai ɗaya daga cikin biyar ɗin, wato Rana, ba za ta iya zama inda aka ajiye ta ba, kuma lissafin masu ilimin ne da kansa ya hana ta. Wanda ya bi diddigin wannan cikas zai gane yadda tsarin ƙarfi da raunin taurari yake aiki fiye da wanda ya haddace jadawalinsa kawai.

Abin da baitin ya faɗa

Asalin maganar tana cikin Ramayana ta Valmiki, a kashin farko da ake kira Bala Kanda, babi na 18 a bugun da ya fi yawo a hannun mutane. Baitocin sun ce bayan kammala layyar da sarki ya yi don neman haihuwa, sai yanayi shida suka shuɗe, wato shekara guda, sannan a watan Chaitra na kalandar Hindu, a tithi na tara (tithi shi ne kwana a ƙirgensu na Wata), Wata yana masauki, wato rukunin taurari, da allahiya Aditi take mulka, taurari biyar suna matsayinsu na sama, burjin Ƙaguwa yana ɓullowa daga gabas, Mushtari tare da Wata suna fitowa, sai Kausalya ta haifi Rama.

Masaukin Aditi shi ne Punarvasu, kuma taurarinsa su ne tagwayen nan masu haske da manomanmu suka sani da Zira'a a lissafin taurarin damina. Baitin da ya biyo baya ya ce an haifi ƙaninsa Bharata a masaukin Pushya, wanda ya yi daidai da Nasara, burjin Kifi yana ɓullowa, su kuma ƙannensa tagwaye Lakshmana da Shatrughna a masaukin Ashlesha.

A lura da abu ɗaya tun yanzu. Baitin ya ce taurari biyar, amma bai jero sunayensu ba. Mushtari da Wata kaɗai ya ambata. Sauran sunayen masu sharhi ne suka cike su daga baya.

Yadda ake auna ƙarfi

Jyotisha, wato ilimin taurarin Hindu, ya raba hanyar Rana zuwa buruji 12, kowane digiri 30: Rago, Bijimi, Tagwaye, Ƙaguwa, Zaki, Sumbula, Mizani, Kunama, Baka, Jadyu, Guga da Kifi. A wurinsu tauraro kamar mutum yake, ƙarfinsa ya danganta da gidan da ya kwana: a gidansa yana da iko, a gidan amini yana sakewa, a gidan maƙiyi yana takure, akwai kuma gida ɗaya da ake ɗaga shi sama da yadda yake a gidan kansa, da wani gidan da ake wulaƙanta shi. Na ɗaukakar suna kiransa uccha, na faɗuwar kuma nicha, kuma kullum suna fuskantar juna, tsakaninsu digiri 180.

Rana tana ɗaukaka a Rago, ƙololuwarta a digiri na 10, tana faɗuwa a Mizani. Wata yana ɗaukaka a digiri na 3 na Bijimi, yana faɗuwa a Kunama. Mirrihu a digiri na 28 na Jadyu, faɗuwarsa a Ƙaguwa. Uɗaridu (Mercury) a digiri na 15 na Sumbula, faɗuwarsa a Kifi. Mushtari a digiri na 5 na Ƙaguwa, faɗuwarsa a Jadyu. Zahra a digiri na 27 na Kifi, faɗuwarta a Sumbula. Zuhal a digiri na 20 na Mizani, faɗuwarsa a Rago. Idan aka duba da kyau za a ga shida daga cikinsu an haɗa su biyu-biyu ne suna musanye: inda Rana take ɗaukaka nan Zuhal yake faɗuwa, inda Mushtari yake ɗaukaka nan Mirrihu yake faɗuwa, haka kuma Zahra da Uɗaridu. Rahu da Ketu, wato mahaɗu biyu na hanyar Wata da ta Rana da suke ƙirgawa cikin taurari tara, ba a daidaita a kansu ba. Wasu sun ba su Bijimi da Kunama, wasu Tagwaye da Baka.

Gidajen mallaka kuwa, Rana tana da Zaki, Wata yana da Ƙaguwa, sauran biyar kowa gida biyu: Mirrihu Rago da Kunama, Zahra Bijimi da Mizani, Uɗaridu Tagwaye da Sumbula, Mushtari Baka da Kifi, Zuhal Jadyu da Guga. A riƙe gidan Wata da na Mushtari, za a buƙace su nan gaba.

Malamin hisabi na ƙasar Hausa da ya karanta littattafan Larabawa ba zai ji wannan baƙon abu ba, domin shi ne sharafi da hubuɗi. Burujan duka iri ɗaya ne, digiri huɗu ma sun yi daidai. Bambancin yana wurin Rana, da Larabawa da Girkawa suka sa a 19, da Mushtari da suka sa a 15, da Zuhal da suka sa a 21. Dalili kuwa tushe ɗaya suka sha. Tunanin cewa kowane tauraro yana da wurin ɗaukaka ya faro ne daga Babila, ya ratsa ta hannun Girkawa, ya shiga Indiya a farkon ƙarnonin miladiyya, sannan ya shiga Larabci. Al-Biruni, wanda ya koyi Sanskrit ya rubuta littafinsa kan Indiya a wajen shekarar 1030, ya yi dogon bayani kan ilimin taurarinsu, yana yawan ambaton masaninsu Varahamihira.

Taswirar kamar yadda ake zana ta

Idan aka ɗauki Ƙaguwa a matsayin gida na ɗaya, tunda ita ce take ɓullowa, sai Mushtari da Wata su zauna a cikinta. Zuhal a Mizani ya faɗa gida na huɗu. Mirrihu a Jadyu gida na bakwai. Zahra a Kifi gida na tara. Rana a Rago gida na goma, wato tsakiyar sama, abin da ya yi daidai da al'adar cewa da tsakar rana aka haifi Rama.

Me ya sa aka zaɓi waɗannan biyar ɗin? Saboda babu wasu da za a zaɓa. Taurarin bakwai ne, ban da Rahu da Ketu. Wata yana Ƙaguwa, ba ya Bijimi, don haka ba ya kan ɗaukaka. Uɗaridu ba ya taɓa nisantar Rana fiye da kimanin digiri 28, to a watan Chaitra, lokacin da Rana take tsakanin Kifi da Rago, ba shi da hanyar kaiwa Sumbula da ke can ɗaya gefen sama. An cire biyu daga bakwai, saura biyar, kuma Rana tana ciki. Ita Zahra ba ta da matsala, domin iyakar nisanta da Rana wajen digiri 47 ne, Kifi kuwa maƙwabcin Rago ne.

Gidaje na ɗaya, na huɗu, na bakwai da na goma su ne ginshiƙai huɗu da ake kira kendra, kuma a wannan taswira kowane ginshiƙi yana ɗauke da tauraro maɗaukaki. Ga mai wannan ilimi babu abin da ya wuce haka kyau. Varahamihira, masanin birnin Ujjain na ƙarni na 6, ya buɗe babin haɗuwar sarauta na littafinsa Brihat Jataka da kusan wannan hoton: Mirrihu, Zuhal, Rana da Mushtari a kan ɗaukaka, dukansu ko uku daga ciki, ɗayansu yana burjin da ke ɓullowa, wannan haihuwar sarki ce. A cikin babin kuma ya ce taurari uku zuwa sama masu ƙarfi irin wannan sun isa ɗan sarauta ya hau gado, wanda ba jinin sarauta ba kuwa sai an kai biyar. Bayan haka taswirar tana ɗauke da uku daga cikin haɗuwa biyar da ake cewa suna haifar da babban mutum: Hamsa ta Mushtari, Ruchaka ta Mirrihu da Shasha ta Zuhal, waɗanda sharaɗinsu shi ne tauraron ya kasance a gidansa ko a ɗaukakarsa, kuma a kan ginshiƙi. Ta Zahra ba ta samu ba, tunda gida na tara ba ginshiƙi ba ne.

Akwai wani ƙarin dalili da ya sa Rana ta zama dole a idon masu sharhi. Rama daga zuriyar Ikshvaku yake, gidan sarautar da ke danganta kansa da Rana. Jikan Rana a haife shi Rana ba ta kan ɗaukaka, wannan abu ne mai wuyar haɗiya.

Inda lissafi ya ƙi

Tithi ba kwanan wata ba ne irin namu da ake ƙirgawa daga tsayuwar jinjirin wata. Awo ne na tazarar da ke tsakanin Wata da Rana. Daga lokacin da suka haɗu a digiri ɗaya, duk sa'ad da Wata ya ƙara wa Rana rata da digiri 12, tithi ɗaya ya cika. Tithi na tara a kwanakin farin wata yana nufin Wata yana gaban Rana da digiri 96 zuwa 108, ba ƙasa ba, ba sama ba.

Masaukan Wata kuma a lissafinsu 27 ne, kowane digiri 13 da sulusi, ana fara ƙirga daga farkon Rago. Punarvasu shi ne na bakwai, ya fara daga digiri na 80 ya ƙare a 93 da sulusi. Burjin Ƙaguwa ya fara a digiri na 90. Tunda baitin ya ce Wata yana Punarvasu kuma yana tare da Mushtari a Ƙaguwa, ɗan wurin da ya rage masa shi ne daga 90 zuwa 93 da sulusi.

Sai a debe. Wata a iyakar ƙarshen Punarvasu, tithi na tara yana farawa yanzu-yanzu: 93 da sulusi a cire 96, Rana ta faɗa kafin farkon Rago da digiri 2 da biyu bisa uku, wato a digiri na 27 da sulusi na Kifi. Wannan shi ne mafi kusancin da za ta iya yi da Rago. Ɗaya iyakar, 90 a cire 108, ta ajiye ta a digiri na 12 na Kifi. Ko ta ina aka bi, Rana tana Kifi. Idan kuma aka nace aka tura ta Rago, ko da digirin farko ne, to tazarar ba za ta wuce 93 da sulusi ba, wanda tithi na takwas ne. Abubuwa uku ne, Rana a Rago, Wata a Punarvasu, tithi na tara, kuma biyu kaɗai sama za ta iya bayarwa a lokaci guda. Giɓin ƙarami ne, bai kai tafiyar Rana ta kwana uku ba, amma ba ya rufuwa.

Bikin Rama Navami da ake yi duk shekara yana nuna haka a fili. A 2023 ya faɗo ranar 30 ga Maris, Wata yana Punarvasu kamar yadda baitin ya ce, Rana kuwa tana tsakiyar Kifi. A 2024 ya faɗo ranar 17 ga Afrilu, ranar da aka yi amfani da madubai aka jawo hasken rana da tsakar rana zuwa goshin gunkin Rama a sabon wurin bauta na Ayodhya da aka buɗe ranar 22 ga Janairun shekarar. A ranar Rana ta shiga Rago da kimanin digiri 3, amma Wata ya riga ya bar Punarvasu a baya.

Wani zai ce ai Rana tana shiga Rago tun 21 ga Maris. A lissafin Turawa ne haka. Indiyawa suna auna burujai da taurari tsayayyu, kuma bambancin tsarin biyu yanzu ya kai wajen digiri 24, shi ya sa a wurinsu Rana ba ta shiga Rago sai wajen 14 ga Afrilu. Su ma suna da saɓani kan ainihin girman wannan bambanci, har kwamitin gyaran kalanda da gwamnatin Indiya ta kafa a 1952 ƙarƙashin Meghnad Saha ya tsayar da awon da aka sani da sunan Lahiri. Amma sauya awon ba ya taimakon taswirar Rama da komai. Burujai da masaukai daga wuri ɗaya suke farawa, idan aka matsar da ɗaya an matsar da ɗayan, tazarar Wata da Rana kuwa ba ruwanta da inda aka fara ƙirga. Akwai kuma wani tsohon tsari da masaukai ba su daidaita a faɗi ba, wasu rabi, wasu ɗaya da rabi, kuma Punarvasu yana cikin masu faɗin. Shi ma idan aka tara masaukai bakwai na farko, bakwai ɗin dai ake samu, Punarvasu bai ƙara gaba ba.

Mafitar da ke cikin baitin

Kalmar da Valmiki, ko wanda ya saka baitin, ya yi amfani da ita tana karɓar karatu biyu: taurari biyar a ɗaukakarsu, ko kuma taurari biyar a gidajensu da ɗaukakarsu. Wasu masana sun bi na biyun, kuma a ganina su ne suka fi kusa da gaskiyar lissafi. Wata yana Ƙaguwa, gidansa na kansa. Mushtari, Zuhal, Mirrihu da Zahra suna kan ɗaukaka. Biyar sun cika ba tare da Rana ba. Ita kuma ta zauna a Kifi, gidan Mushtari, wanda yake cikin aminanta uku tare da Wata da Mirrihu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a nan shi ne Ranar ba ta yi asarar wani ƙarfin kirki ba, idan aka bi awon da littattafan suka shimfiɗa. Ƙarfin tauraro a cikakken lissafi kashi shida ne, shadbala, kuma ƙarfin ɗaukaka reshe ne kawai na kashin farko. Ga yadda ake fitar da shi: a auna nisan tauraro daga digirin faɗuwarsa, a raba uku. Wanda ke kan ƙololuwa yana da 60, wanda ke kan digirin faɗuwa ba shi da komai. Rana a digiri na 25 na Kifi tana nesa da ƙololuwarta da digiri 15, wato nesa da faɗuwarta da 165, ta samu 55. Rana a digiri na 29 na Rago, wadda kowa zai kira maɗaukakiya, tana nesa da ƙololuwa da digiri 19, ta samu 53 da biyu bisa uku. Wadda ba ta da laƙabin ta fi mai laƙabin maki. Tsarin yana da ma'auni biyu a cikinsa, ɗaya na buruji mai cewa ko kana ciki ko kana waje, ɗaya na digiri mai hawa da sauka a hankali, kuma a bakin iyakar burujai suna saɓa wa juna. Haɗuwar sarauta da ake yayatawa da ma'aunin farko ake yanke ta, shi ya sa waɗannan digiri 2 da ɗoriya suke da nauyi haka.

Rayuwar da taswirar ta kamata ta bayyana

Labarin Rama ba labarin jin daɗi ba ne. Ana gab da naɗa shi magaji, kishiyar mahaifiyarsa Kaikeyi ta sa aka kore shi daji shekara 14. Mahaifinsa ya mutu da baƙin cikin rabuwa. Ravana, sarkin Lanka, ya sace matarsa Sita, sai da aka yi yaƙi kafin ya dawo da ita, kuma a kashin ƙarshe na labarin sun sake rabuwa. Mai taurari biyar a sama, ina amfaninsu?

Masu duba suna da amsa, kuma amsar tana koyar da wani abu game da tsarin: ƙarfi daban, alheri daban. Zuhal da Mirrihu taurarin tsanani ne a wurinsu, ɗaukaka tana ƙara musu iko ne kan abin da suka saba yi. Zuhal a gida na huɗu, gidan uwa da muhalli da kwanciyar hankali, shi ake ɗora wa barin gida. Mirrihu a gida na bakwai, gidan aure, shi ake ɗora wa rabuwa da Sita. Masu kallon finafinan Indiya sun sha ganin ana fasa aure saboda an ce yaro ko yarinya manglik ne, to wannan zaman na Mirrihu yana cikin abin da ake nufi. Zuhal kuma yana kallon Rana ido da ido daga Mizani zuwa Rago, Rana kuwa ita ce alamar uba da sarauta, sai aka ce ga mutuwar Dasharatha da jinkirin hawa gado. Varahamihira ma ya kawo ra'ayin Girkawa cewa taurarin tsanani a kan ɗaukaka suna haifar da sarki mai ƙeƙasasshiyar zuciya, tare da ra'ayin Jivasharma cewa ba sa haifar da sarki ma. Rana, Mirrihu da Zuhal duka na tsanani ne, kuma babu mabiyin Rama da zai karɓi wannan hukunci a kansa.

Ni Musulmi ne, ban yarda tauraro yana rubuta wa kowa ƙaddara ba, kuma ba don in auna imanin wasu nake wannan nazari ba. Amma ko a cikin dokokin ilimin kansa bayanan nan suna da rauni guda biyu da ya kamata a faɗa. Na farko, masu duba da yawa suna koyar da cewa aibin Mirrihu a gidan aure yana warwarewa idan yana gidansa ko kan ɗaukaka. A taswirar Rama yana kan ɗaukaka. Ba zai yiwu dokar ta wanke shi a teburin neman aure, sannan a kama shi da laifin sace Sita ba. Na biyu, Zuhal yana kallon gida na uku, na bakwai da na goma daga inda yake zaune. Daga Mizani, Baka ke nan, da Rago, da Ƙaguwa. Kifi ba ya ciki. Da zarar an mayar da Rana inda lissafi ya ajiye ta, bayanin mutuwar uban ya rushe. An san labarin tun farko, sai aka nemo masa dalili a cikin taswira, kuma dokokin suna da yawan da kullum za a samu wadda ta dace.

Masu neman ranar haihuwa da kwamfuta

Wasu sun ɗauki baitin a matsayin rahoton abin da aka gani a sama, suka shiga juya taurari baya don gano ranar. P. V. Vartak ya tsayar da 4 ga Disamba, shekara ta 7323 kafin miladiyya. Pushkar Bhatnagar, da manhajar kwamfuta mai nuna sama, ya tsayar da 10 ga Janairu, 5114 kafin miladiyya. Baiti ɗaya, tsakanin amsoshin biyu fiye da shekara 2,200.

Ba abin mamaki ba ne. Mushtari yana zagaye burujai a kusan shekara 12, Zuhal a kusan shekara 29 da rabi, don haka zagaye biyar na wancan ya yi kusan daidai da biyu na wannan, kuma zaman Mushtari a Ƙaguwa tare da Zuhal a Mizani yakan dawo bayan kimanin shekara 60. Ya faru a 2014, daga watan Yuni zuwa farkon Nuwamba, sai dai Mirrihu bai shiga Jadyu ba sai da Zuhal ya fita, Rana kuma tana wani gefen. Cikin dubban shekaru za a samu lokutan da uku ko huɗu suka dace, kuma tunda cikakken sharaɗin da Rana a Rago ba ya yiwuwa, duk mai nema dole ya sassauta wani abu. Abin da kowa ya zaɓa ya sassauta shi ke ba shi shekararsa.

Akwai matsalar da ta fi wannan girma. Tsofaffin rubuce-rubucen Veda, littattafan addinin Hindu na farko, da masaukan Wata suke lissafi, ba su san buruji 12 ba, balle burjin da ke ɓullowa ko ɗaukakar taurari. Baitin da ke maganar Ƙaguwa da ɗaukaka yana magana ne da harshen ilimin da ya shigo Indiya a farkon ƙarnonin miladiyya. Malaman Cibiyar Nazarin Gabas ta Baroda, waɗanda suka tattara rubutattun kwafe daga sassan Indiya suka fitar da tacaccen bugun Ramayana tsakanin 1960 da 1975, ba su sa waɗannan baitoci a cikin gundarin matani ba, domin ba dukkan zuriyar kwafen ke ɗauke da su ba. A bugunsu labarin ya tafi kai tsaye zuwa haihuwar da Kausalya ta yi, babu taswira.

Kalidasa, babban mawaƙin Sanskrit, ya yi amfani da hoton nan a waƙarsa Raghuvamsha, inda ya ce taurari biyar maɗaukaka, waɗanda hasken Rana bai rufe ba, su ne suka yi bushara da arzikin Raghu, kakan mahaifin Rama, ranar haihuwarsa. Taurari biyar a sama kirari ne da ake yi wa haihuwar babban sarki, kuma mai sauraro na wancan zamani ya san abin da ake nufi. Tulsidas, wanda ya fara rubuta tasa Ramayana da harshen Awadhi a 1574, ya riƙe tithi na tara da watan da tsakar rana, ya ce taurari da lokaci duk sun yi daidai, bai jera burujai ba.

Saura Uɗaridu, wanda baitin bai ce komai a kansa ba, masu zana taswirar kuma kowa da inda yake ajiye shi. Idan Rana tana tsakanin digiri na 12 da na 27 na Kifi, wuri uku kawai gare shi: ƙarshen Guga, ko Rago, ko Kifin kansa, kuma Kifi shi ne burjin faɗuwarsa, ƙasan ramin a digiri na 15. Wato taswirar da aka gyara ta dace da sama tana iya ɗauke da tauraro faɗaɗɗe a gida na tara, kusa da Zahra mai ɗaukaka. Littattafan sun tanadi doka ga irin wannan, nicha bhanga, warwarewar faɗuwa: idan mai gidan da tauraron ya faɗi a ciki, ko tauraron da ke ɗaukaka a wannan gida, yana kan ginshiƙi daga burjin da ke ɓullowa ko daga Wata, faɗuwar ta warware. Mai gidan Kifi shi ne Mushtari, kuma yana zaune a gida na ɗaya tare da Wata, don haka sharaɗin ya cika ta fuska biyu.